Kifin da Tela Ya Ɗinke

A duk layin shagunan nan babu wanda ya taɓa jin tela ya ce bai san abu ba. Shi ya sa sunansa na gaskiya ya ɓace, babba da yaro Na-Iya suke ce masa, shi kuma yana amsawa da fara'a don a ganinsa yabo ne. In mota ta mutu a bakin titi, zai ajiye almakashi ya je ya tsaya a kan makanike yana nuna masa inda ciwon yake. In aka ce wani yana asibiti, kafin a gama ba da labari ya faɗi abin da likita ya manta. Ɗinki kam ya iya, wannan ko maƙiyinsa ba zai ƙwace masa ba. Abin da ya kashe shi shi ne yana ganin komai na duniya yadi ne, in dai an ba shi alli da tef ɗin awo zai fitar da shi.

Mutum ɗaya ne surutun bai taɓa ci ba, wato surukinsa, uban matarsa. Tsohon yakan zo ganin 'yarsa da jikoki, ya zauna a kujerar bakin ƙofa, ya karɓi ruwa ya sha, amma da an shigo da abinci sai ya ce alhamdu lillahi, a ƙoshe yake. Tun da aka yi auren bai taɓa kai loma bakinsa a gidan ba. Da farko an ɗauka kara ce irin ta manya, sai wata rana Na-Iya ya jiyo shi ta taga yana gaya wa 'yar tasa dalili: wai mijinta baki ne kawai babu hannu, shi kuwa ba ya cin abincin gidan da surutu ne maigidansa. Maganar nan ta tsaya wa Na-Iya a ƙirji. Matar kuwa ta fi shi jin ciwo, don duk ranar da uban zai zo sai ta yi girki na musamman, ta kuma kwashe shi yadda ta kawo.

Wata ranar hutu Na-Iya ya ari fatsa a wurin mai aski, maƙwabcin shagonsa, ya nufi bakin kogi da sassafe. Bai taɓa riƙe fatsa ba, amma sai da ya shaida wa mai askin cewa kakansa da hannu yake kama kifi, kuma abin a jini yake. Ya jefa ƙugiya, ya ɗaura igiyar a babban yatsan ƙafarsa, ya jingina da bishiya, barci ya yi gaba da shi. Abin da ya tashe shi shi ne jin ana jan sa zuwa ruwa da ƙafa. Ya rungume saiwar bishiya yana kiran sunan Allah, wasu masu wanki a gefe suka rugo suka kama igiyar suka ja. Sai ga wani ƙaton kifi mai ɓawo, tsawonsa daga kafaɗa zuwa kan yatsa, yana dukan ƙasa da jela.

Hanyar gida gajeriya ce, amma Na-Iya ya bi ta kasuwa, ya bi ta tashar mota, ya bi ta gaban kowane shagon da ya san mai shi, kifin a kafaɗa. Kafin ya iso layinsu masu wankin sun fita daga labarin gaba ɗaya, shi kuma ya shiga ruwa har wuya ya shaƙe kifin da hannu ɗaya.

A bakin ƙofar gidan hayarsu dabara ta faɗo masa. Kowa a dangi ya san surukin mutum ne mai son kifi, har ranar da ƙaya ta maƙale masa a maƙogwaro aka kai shi asibiti a ka, daga nan ya rantse shi da kifi sai kallo. Na-Iya ya zaro waya ya kira shi, ya ɗaga murya yadda duk gidan zai ji. Bayan gaisuwa ya ce ya kama kifi da hannunsa, kuma zai zare masa ƙaya tas, ya fitar da tsoka zalla, faffaɗa kamar tafin hannu.

Tsohon ya ce, "Kai da kanka za ka gyara?"

"Da hannuna, Baba. Ko ƙaya ɗaya ka samu, kada ka sake amsa gaisuwata."

"To. Zan zo bayan azahar. In na ga haka, zan ci."

Da matar ta ji, farin ciki ya kama ta har ta zauna a kan turmi tana share ido da gefen ɗankwali. Bai daɗe ba tsoro ya biyo baya, don ta san mijinta. Ta ce ya bari ta kai kifin kasuwa wurin masu gyara, su zare ƙayar ta dawo da shi ba wanda ya sani. Ya ce ashe ita ma ra'ayin ubanta gare ta. Don ma kada a yi gardama daga baya, sai ya gayyaci shaidu: mai aski, da wata dattijuwa da ke saman bene wadda duk gidan ke kira Gwaggo, mace ce da ko allura ta faɗi a tsakar gida sai ta leƙo.

Ya shiga ɗaki ya kulle ƙofa, ya nemo bidiyon gyaran kifi a waya, ya rage sauti. Ya ga wani mutum ya kwantar da kifi, ya sa wuƙa a bayan kai, ya bi ƙashin baya da ita a hankali. Nan Na-Iya ya kashe wayar yana dariya. Ai wannan yankan riga ne, gaba da baya, a fitar da wuya a jefar. Shi da yake yanka yadin mutane tun ba shi da gemu, ba zai zauna wani mai farin gyale a ƙugu ya koya masa yanka ba.

Ya sa aka taya shi fito da teburin yanka daga shagonsa da ke manne da gidan, aka girka shi a tsakar gida kusa da famfo, ƙarƙashin igiyar da Gwaggo ta shanya wankinta. Ya rataya tef a wuya, ya soke alli a bayan kunne, ya jera almakashi babba da ƙarami. Ya kwantar da kifin, ya auna tsawo, ya auna ƙirji, ya auna ƙugu, yana gyaɗa kai. Mai aski, wanda ya jawo benci ya zauna da kofin shayinsa, ya tambaya ko riga za a yi wa kifin ko wando. Na-Iya ya ce aikin da babu awo aikin jahilai ne, kuma shi ya sa duk wanda ya fito daga shagon mai askin kansa ke karkace.

Alli ya ƙi kama jiƙaƙƙen kifi. Na-Iya ya danna da ƙarfi, kifin ya sulluɓe daga ƙarƙashin hannunsa, ya zarce ta ƙarshen tebur ya faɗa cikin bahon da Gwaggo ta jiƙa fararen kayanta. Ta leƙo daga bene ta tambaya ko kifin ne bai yarda da awon ba. Ya tsamo shi yana ɗigar kumfa, ya ɗauraye a famfo, ya ɗauko dutsen guga ya danne masa jela.

Sai kankare ɓawo. Ya nemi mai aski ya ara masa injin aski, mai askin ya ce ya fi son ya ara masa matarsa ta wanke kwanuka har shekara. Na-Iya ya ɗauki cokali ya fara shafa kifin daga kai zuwa jela, wai yadi ma kwanciyar gashinsa ake bi. Ya shafa, ya shafa, kifin sai ƙara sheƙi yake yi. Matar ta leƙo ta tagar kicin ta ce a hankali, daga jela ake farawa a yi sama. Ya ce ya sani, yana gwada ingancin ɓawon ne. Ya juya cokalin, ya saki ƙarfinsa duka don huce haushi. Ɓawo ya tashi ko'ina, a kan tabaransa, a cikin gemunsa, a cikin shayin mai aski, sauran kuma ya manne a jikin wankin da ke kan igiya. Gwaggo ta sauko da gudu irin nata tana kwashe zannuwa, tana cewa ita ba ta ba da kayanta a sa musu ado ba.

Mutanen gidan sun fara fitowa ƙofofinsu, wasu da kujeru. Ganin taro Na-Iya ya ƙara buɗe kafaɗa. Ya yi musu bayanin cewa yanzu za a buɗe ciki, kuma abin da ke ba mutane wahala shi ne wuƙa, alhali ga almakashi Allah ya hore. Ya ɗan tsaga ƙasan cikin, ya zura bakin almakashin har ƙarshe, ya tura shi gaba da gudu ɗaya yadda yake raba yadi. Kayan ciki suka zubo kan tebur, wani koren ruwa ya biyo su ya malale cikin kifin.

Mai aski ya miƙo wuya ya ce, "Wannan koren fa?"

"Man kifin ke nan," in ji Na-Iya. "Nan duk daɗin yake. Waɗanda ba su sani ba zubarwa suke yi."

Ya sa yatsu ya lakato, ya shafe cikin kifin da shi lungu-lungu, har ya tsaga gefe ya cusa don ya ratsa tsoka. Yana cikin haka matar ta fito zubar da ruwa, ta gani, roba ta kusa faɗuwa daga hannunta. Ta matso ta raɗa masa cewa maɗaciya ya fasa, kuma duk inda ta taɓa ba ya ciwuwa don ɗaci. Ya ce da ƙarfi, don shaidu su ji, dama yanzu yake shirin wankewa, ana shafawa ne a wanke. Ya kai kifin famfo ya yi ta dirza. Kyanwar gidan da ta daɗe tana zagaye tebur ta samu wata tsoka da ta faɗi, ta lasa sau ɗaya, ta girgiza kai ta haye katanga.

Daga nan aka shiga babban aikin, wato raba tsoka da ƙaya. Almakashi ya ƙi yanka, sai taunar naman yake yi. Ya koma wuƙar kicin, ya tuna mutumin bidiyo ya sa ta a bayan kai, amma bai ga abin da ya biyo baya ba. Ya danna, wuƙa ta ratsa ƙashin baya ta fita ta ɗaya gefen, kan kifin ya gangara ƙasa ya tsaya a gaban mai aski da baki buɗe. Mai askin ya ce ko shi kifin mamaki yake yi. Na-Iya ya yi kamar bai ji ba, ya ci gaba da yanka, abin da ya fito kuwa rabi tsoka rabi ƙaya. Ya aika hannu aljihu ya ɗauko ɗan ƙarfen da yake farke ɗinki da shi, ya shiga farautar ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya. Kowace ƙaya in za ta fito sai ta tafi da rabonta na nama, inda kuma ya tono sai wurin ya rabe biyu. Ƙaya kam ya cire ta, wannan gaskiya ce, ya bi kowane yanki da yatsa har ya tabbata. Sai dai da ya ɗago kai, abin da ke cikin kwano ba shi da bambanci da ƙyallayen da yake sharewa a ƙarƙashin teburinsa da yamma.

'Yan kallo suka fara janyewa, mai dariya a hannun riga, mai tari. Wani ya zo neman aski, mai aski ya tafi yana cewa kada a fara ci babu shi. Gwaggo ta hau bene tsince ɓawo daga zannuwanta. Matar ta fito da mayafi za ta je tasha tarbo uban, ta tsaya a kan kwanon ta daɗe tana kallo.

"Baban yara," ta ce, "bari in dafa shi romo in na dawo. Sai mu ce wa Baba haka ya fi masa sauƙin ci."

"Tafin hannu na ce masa. Kowa ya ji."

"To don girman Allah kada ka ba ni kunya. Yau ce kawai ya ce zai ci."

Ta fita. Na-Iya ya tsaya shi kaɗai a tsakar gida da kwanon tsumman kifi, tsoro na gaske ya kama shi. Ya hango fuskar tsohon yana leƙa kwanon, ya ɗago, ya ce alhamdu lillahi. Ya ɗauki yanki biyu yana juyawa a hannu don rasa abin yi, sai ya ga bakin wannan ya dace da bakin wancan. Zuciyarsa ta yi fari. Abin da ya yage ai ɗinke shi ake yi, kuma a nan ne babu mai ja da shi.

Ya kwashi kwanon ya shige shago ta ƙofar baya. Ya fara gwada keken ɗinki, ƙafar keken ta markaɗe naman ta tura shi cikin injin, ya bar wannan don wata rana. Ya zauna da allurar hannu da zaren auduga mai kauri, irin na ɗinkin jaka, ya ninka shi biyu. Ya jera yankuna a kan teburin keken, ya kama su da fil, ya bi da allura. Wallahi aiki ya yi kyau. Ya haɗa ƙanana da manya, ya cike gurbi da ɓarɓashi, ya lanƙwasa baki ya yi kalmasa, sai ga tsoka faffaɗa kamar tafin hannu, har ta fi ta bidiyon daidaito. Kuma da yake hannu ba ya manta sabonsa, sai ya yi yadda yake yi in yana ɗinka aljihuna da yawa: in ya gama ɗaya ba ya tsinka zare, yakan bar ɗan tsawo ya shiga na gaba, sai an kammala a bi da almakashi a raba. Haka ya jera su duka a zare ɗaya. Niyyarsa in an soya naman ya kama jikinsa, ya datse zaren ya zare shi a hankali, babu wanda zai sani. Fil kuma ya cire su yana tarawa a leɓe, yana sauri, yana kallon rana.

Ya shiga kicin ya turbuɗa jerin cikin fulawa da barkono mai yawa, saboda maɗaciya, ya zura su cikin mai ɗaya na bin ɗaya. Suka soyu suka yi ja, fulawa ta rufe ɗinki ruf, ƙamshi ya cika gidan har mutane suka sake fitowa ƙofofinsu. Ya kwashe a babban faranti, ya tsaya yana kallon aikinsa, girman kansa ya dawo har da riba. Ya laluba almakashi, sai ya tuna ya bar shi a bakin famfo, cikin bokitin da ya zuba kayan cikin kifin. Yana taka ƙofar kicin ya ji sallamar surukinsa a bakin gida.

Ya dubi jikinsa, riga duk jini da fulawa, gemu duk ɓawo, ƙarni kuwa ko shi yana jin kansa. Ba zai tarbi tsohon a haka ba. Ya faɗa banɗaki da guga, yana cewa a ransa yanzu zai fito ya gama da zaren. Matar ta shigo kicin, ta ga faranti, ta tsaya. Ba ta san yadda aka yi ba, ba ta kuma so ta sani. Ta yi hamdala, ta yanka albasa da tumatir ta rufe saman kifin da su, ta haɗa da shinkafa, ta kai tsakar gida inda aka shimfiɗa tabarma a inuwa.

Da Na-Iya ya fito cikin sabuwar riga yana ƙamshin turare, ya tarar an riga an zauna. Ga surukin a tsakiya, ɗan siririn tsoho mai haƙori ɗaya tak a gaba, wanda yake lallaɓawa ya fi lallaɓa jikokinsa. Ga mai aski a damansa ya wanke hannu har gwiwa, ga Gwaggo a ɗaya gefen da nata ɗan kwano. Sauran mutanen gida kuwa kowa ya sami abin yi a bakin ƙofarsa. Na-Iya ya durƙusa ya gaida tsohon, idonsa na kan faranti. Ya ce bari ya koma da shi kicin ya ɗan ƙara gishiri. Tsohon ya ce likita ya hana shi gishiri. Ya ce to bari ya yayyanka masa ƙanana. Tsohon ya ce faffaɗa aka yi masa alkawari, faffaɗa zai gani.

Ya ture albasa da yatsa, ya ɗauki yanki na gefensa, ya juya shi, ya latsa. Ya dubi Na-Iya, kallon da bai taɓa yi masa ba, har da ɗan girmamawa a ciki.

"Babu ƙaya?"

"Ko ɗaya, Baba." Muryar ta fito siririya, amma gaskiya ya faɗa.

Tsohon ya yi bismillah ya gatsa. Ɗacin ya fara isa, ya ratsa barkono ya wuce, fuskarsa ta tattare wuri ɗaya. Ya ɗago ido ya ga 'yarsa a ƙofar kicin ta haɗa hannu a ƙirji tana kallonsa, sai ya daure ya ci gaba da tauna. Yana tauna yana jin wani abu na naɗe masa haƙori, ya sa harshe yana bincike.

Ganin babba ya fara, mai aski ya kai hannu ya ɗauki yanki na kusa. Da ya ɗaga, na bayansa ya motsa, na bayan wancan ma ya ɗago kai, albasa ta fara gangarowa daga faranti. Yunwa ba ta bar shi ya lura ba. Ya kai baki ya gatsa da ƙarfi, sai ya yi ƙara ya fizge hannunsa baya, don fil ne ya soke shi a leɓe. Zare ya miƙe tsakaninsa da bakin tsohon. Kan tsohon ya biyo gaba, aka ji wani ɗan sauti, sai ga haƙori ya yi tsalle ya faɗa cikin faranti ya yi ƙara a kan ƙarfe.

Mai aski ya miƙe tsaye a firgice, hannunsa a sama, kifin duka ya biyo shi, yanki bayan yanki, suna lilo a zare kamar shanya. Ƙarshen jerin ya fizge daga hannun Gwaggo, wadda ta riga ta ɗauki nata. Wani a bene ya kasa riƙe dariya, daga nan kowa ya saki.

Gwaggo ta kamo yanki ɗaya ta kankare fulawar da farce, ta ɗaga shi sama ta juya don na bene su gani, ta ce ku duba, har kalmasa ya yi masa, ita da ta ba shi zani wata da watanni bai yi mata ba. Mai aski ya zaro fil daga leɓensa ya nuna wa jama'a, ya ce shi dai tunda yake bai taɓa ganin kifi mai ƙayar ƙarfe da ɗan kai ba, a tambayi Na-Iya wane kogi ne. Na-Iya ya miƙe yana bayani ta ko'ina: wai zaren riƙo ne, cirewa ake yi, wai a manyan otal haka ake kawo shi, wai laifin mai aski ne da ya ci abinci kamar ana korar sa, wai haƙorin dama yana girgiɗi. Babu wanda ya saurare shi, wani yaro ma har ya kwanta a ƙasa don dariya uwarsa na jan sa.

Mutum biyu ne ba su yi dariya ba. Matar ta kawo ruwan ɗumi da gishiri ta durƙusa gaban ubanta, ta riƙe masa kofi yana kurkure baki, hawaye na bin fuskarta ba ta share ba. Ta tsinci haƙorin daga cikin albasa, ta ɗauraye, ta ƙulle a gefen mayafinta. Ko sau ɗaya ba ta dubi mijinta ba, wannan kuwa ya fi dariyar duk gidan yi masa zafi.

Ya rarrafo ya durƙusa gaban tsohon. Kunya ta ishe shi, amma akwai abin da yake so ya sani, kuma bakinsa bai iya haƙuri ba.

"Baba, ka yi haƙuri. Amma dai... lomar farkon nan, ka haɗiye ta ko?"

Tsohon ya buɗe tafin hannunsa na hagu. Ga lomar nan a ciki, a taune, da ɗan guntun zare a jikinta. Ya ajiye ta a bakin faranti a hankali, ya goge hannu, ya dafa kafaɗar 'yarsa ya miƙe. Da ya yi magana iska na fita ta gurbin haƙorin, amma kowa ya ji, don dariyar ta lafa.

"'Yata, na daɗe ina cewa mijinki baki ne kawai, babu hannu. Na janye, na zalunce shi. Yana da hannu, yau na gani." Ya taɓa dasashinsa da yatsa, ya duba jinin. "Ki roƙar mini shi ya koma bakin. Lokacin da yake surutu kawai, da haƙorina nake komawa gida."

Ta riƙe masa sanda, suka nufi ƙofa a hankali, mutane na matsa musu hanya. Na-Iya ya bi su a baya har bakin titi yana cewa zai kai shi wurin likitan haƙori, ya san wani, shi ma ya ɗan iya. Matar ta juyo ta ce masa ya koma ya kwashe farantin, ita yau a gidan Baba za ta yi girki, a can ne yake ci.